Ƙafar Baba da Cinyar Ragon Suna

Ina shekarata ta huɗu da fara koyar da bayoloji a wata makarantar 'yan mata a Ajingi Baba ya karye. Lokacin kaka ne, an gama cirar gyaɗa, ana kwaso harawa daga gona zuwa gida a amalanke. Baba manomi ne a Balan, kuma yana cikin mutanen nan da ba sa yarda wani ya ɗaure musu kaya. Shi ya hau saman lodin yana jan igiya, shanun suka zabura, ya faɗo, ƙafarsa ta dama ta daki wani kututture. Ƙashin ƙwaurinsa ya karye. Yayana, wanda suke noma tare, shi ya kira ni a waya ina tsakiyar aji. Kafin in samu mota zuwa Gaya, in hau babur in ƙarasa gida, har an ɗauko maɗori daga Gafasa, wani dattijo da ya gaji ɗori kaka da kakanni. Ya ja ƙafar ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure.

Da son raina ne da asibiti aka fara zuwa a yi hoto. Amma na tarar aikin gama ya gama, ƙashin bai huda fata ba, yatsun ba su canza launi ba, dattijon kuma da ganin hannunsa ya san abin da yake yi. Sai na haƙura, na yi wa Baba sannu.

Wata biyu cur Baba yana kwance a ɗakinsa na kusa da zaure. Duk ranar Juma'a idan an tashi daga makaranta sai in taho, in koma Lahadi da yamma. A wannan kwanciyar bai taɓa karaya a zuci ba. Yana kwance yake ba da umarnin inda za a jera buhuna, da wace gona za a fara kai taki. Masu zuwa dubiya su suke tashi da dariya.

Ranar da aka kwance ɗorin ina nan. Maɗorin ya warware tsumman, ya zare kararen, ya bi ƙashin da babban yatsa daga gwiwa zuwa idon sawu, ya ce Alhamdulillahi, ƙashi ya kama. Amma ba ƙashin muke kallo ba. Ƙafar ce ta dawo kamar ba ta Baba ba. Sharaɓar nan tasa mai tauri, wadda ta shekara hamsin tana bin kunya, ta zama wata fata mai reto. Cinyar ma ta zube. Idan aka jera ta da ta hagu sai ka ce na mutum biyu ne, ɗaya ƙato ɗaya majinyaci. Baba ya dube ta ya daɗe, sannan ya ja mayafi ya rufe. Maɗorin ya ce a fara takawa kaɗan kaɗan, ya yi sallama ya tafi.

Washegari Yaya ya kama shi ya miƙe. Yana ɗora nauyinsa a kan ƙafar gwiwar ta lanƙwashe, ya tafi gaba ɗaya, da Yaya bai rungume shi ba da ya kai ƙasa. A gaban Inna aka yi, da matar Yaya, da wasu maƙwabta biyu da suka shigo gaisuwa. Daga ranar Baba bai ƙara yarda ya tsaya ba.

Sai magana ta fara yawo. Wannan ya ce ya san wani a ƙauyensu da ƙafarsa ta yi haka, ta bushe ke nan har ya koma ga Allah. Wancan ya ce jijiya ce ta mutu. Wata tsohuwa ta raɗa wa Inna cewa a bincika, ba kowace faɗuwa ce faɗuwa ba. Aka kawo mayuka iri iri, aka kawo turare. Baba bai hana kowa ba, bai kuma yarda da kowa ba. Cewa ya yi ya karɓi ƙaddara, Allah da ya ba shi ƙafar Shi ya karɓi abinSa. Yana sallarsa a zaune. Ya kira Yaya ya fara nuna masa iyakokin gonaki da baki, kamar mai shirin doguwar tafiya. Wannan ne ya tayar wa Inna hankali fiye da komai. Na sha tarar da ita a madafi tana share ido, ta ce hayaƙi ne.

Ni kuwa ban ji tsoro ba, domin na san abin da nake gani. Na karɓi aikin shafa masa man daga hannun Inna. Ina shafawa na ce ya motsa yatsunsa, ya motsa su duka biyar. Na ɗauki tsinken tsintsiya na ja a tafin ƙafar, ya janye yana hararata. Na ce ya danna hannuna da ƙafar, ya danna, ba ƙarfi amma ya danna. Ƙafar da take jin tsinke, take kuma amsa umarnin mai ita, ba matacciya ba ce. Tsoka ce ta rame saboda zaman wata biyu babu aiki. Abin da nake koya wa yara ke nan duk shekara.

Sati na gaba na zo da littafina na makaranta, mai zane masu launi. Na zauna a gefen tabarmarsa na buɗe, na fara bayani kamar ina gaban allo, ina jefa sunayen Turanci ina fassarawa. Baba ya saurare ni har na kai aya, don bai taɓa katse ni ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. Ya dubi zanen ya dube ni.

"Uwata, wannan ƙafar da aka zana ba ta taɓa karyewa ba," in ji shi. "Tawa ga ta nan."

Ya juya fuska bango. Na rufe littafin na fita. A mota ina komawa Ajingi haushi ya cika ni, kuma ba nasa nake ji ba. Mutumin da ya feɗe raguna fiye da yadda zan iya tunawa, shi na je ina nuna wa tsoka a takarda. Baba ba mahauci ba ne, amma duk layya da duk suna a unguwarmu shi ake kira, saboda fiɗarsa ba ta ɓata fata, ba ta ɓarnar nama.

Ana cikin haka matar Yaya ta sauka, aka samu mace. Ranar suna da sassafe aka yanka rago, aka kira wani mahauci daga Gaya ya yi fiɗa a bayan gida, abin da ba a taɓa yi ba a gidanmu. Baba yana ɗaki yana jin hayaniyar, ya ce a ja masa ƙofa. Na sami Yaya na ce ina son cinya guda ta baya, a cire mini ita sukutum daga ƙugu har ƙasa, kada a sara. Ya ce mata suna jiran nama, tukwane na kan wuta. Na ce a fara da wuya da haƙarƙari, ni aro na zo. Sai ya je ya kawo.

Na ɗora cinyar a babban faranti, na ɗauko 'yar wuƙar Baba ta fiɗa daga inda yake soke ta a jikin azara, na yi sallama na shiga. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da darasi a kan tsoka sati mai zuwa, ina so in nuna wa yara da nama na gaske, amma hannuna bai iya ba, ko na taɓa sai in yi kaca-kaca da shi. Ba ƙarya na yi ba. Shi ma ya san ba wannan kaɗai ya kawo ni ba. Amma idonsa ya riga ya sauka a kan cinyar, kuma abin da ya fara gani shi ne inda mahaucin ya zurma wuƙa ya tsaga nama a banza. Ya yi tsaki, ya ce a tayar da shi zaune, a kawo ruwa ya wanke hannu.

Ban taɓa zama na kalli fiɗarsa kusa haka ba. Wuƙar kaɗan ya yi amfani da ita. Ya ɗan tsaga farin tantanin da ya lulluɓe cinyar, sannan ya sa babban yatsa yana bi, naman yana rabuwa da kansa gida gida, kowace tsoka da nata tantanin, sumul, tana sheƙi. Ya ce nama yana da hanyarsa, wanda bai sani ba shi yake sara. Ya ware wata doguwar tsoka, mai kauri a tsakiya, siririya a baki biyu, ya ɗora a tafin hannunsa. Na tambaye shi farin abin nan mai tauri da ta ƙare da shi. Ya ce agara ce, ita ke riƙe da ƙashi, ita ce ba ta dahuwa da wuri. Na ce ya ja tsokar mu gani. Ya ja, ƙafar ragon ta miƙe a kan farantin. Na ce ya saki, ya ja ta ɗaya gefen. Ya ja, ƙafar ta naɗe. Na ce masa duk aikin tsoka ke nan, ja kawai ta iya, ba ta iya turi ba, shi ya sa Allah Ya yi su bibbiyu, wannan ta ja nan, waccan ta mayar. Ya ce wannan ai tun suna yara suke yi da ƙafar kaza, ba sai an je makaranta ba. Amma na lura bai ajiye wuƙar ba.

Na ce ina zuwa. Na je madafi na tsamo tsoka ɗaya daga tukunyar da ta fara nuna, Inna tana tambayata me muke ƙullawa, na dawo da ita a murfin kwano. Na ce ya yage ta a tsaye, kamar za a yi dambu. Ya yage, ta rabu sili sili. Na ɗauki sili ɗaya na sake raba shi, ya ba da wasu ƙanana. Na sake raba ɗaya daga ciki da farce har ya gagare ni. Na ce masa haka take tun daga waje har ciki, dami ne a cikin dami, kowane da tantanin da ya ɗaure shi, kuma duk tantanin nan su ne suke tafiya har baki su haɗu su zama agara. Na ƙarshen da ido yake iya kamawa da ƙyar, bai kai kaurin gashi ba, shi ne silin tsoka na ainihi, kowane da jijiyar da take kawo masa saƙo, da jinin da yake ciyar da shi. A cikinsa kuma akwai wasu zarurruka da sai da madubin likita ake gani, a jere, bakin wannan ya shiga tsakanin na wancan. Na haɗa yatsun hannuwana biyu na zura su cikin juna na nuna masa. Na ce idan saƙo ya zo sai su shige cikin juna, silin ya gajarce, dubbai su gajarce tare, agara ta ja ƙashi, mutum ya ɗaga ƙafa.

Yana jujjuya silin naman a yatsunsa ya tambaya, to idan ƙafa ta tsotse, ina waɗannan suke tafiya.

Tambayar da na zo dominta ke nan, na kuma yi ƙoƙari kada muryata ta nuna. Na ce silin ba ya tafiya ko'ina, yana nan. Zarurrukan cikinsa ne jiki yake ragewa idan ya ga ba a aiki da su, sai kowane sili ya rame, damin gaba ɗaya ya sassauta. Idan aka koma aiki jiki ya sake saƙa su.

Baba ya ajiye silin a faranti. A waje ana ta guɗa, an kawo kayan barka. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, shanun huɗa ma haka suke. Idan sun yi rani a ɗaure, satin farko na damina kunya goma sai su tsaya suna haki, wuyansu duk ya saki. Wanda bai sani ba sai ya ce sun lalace ya kai kasuwa. Amma idan aka bi su a hankali, yau kaɗan gobe a ƙara, kafin a gama huɗa sun murje.

Na ce to ai Baba ya gama darasin.

"Su dabbobi ne masu ƙuruciya," ya ce. "Tsoho fa?"

"Na tsoho ma yana dawowa, Baba. Ya fi jinkiri ne. Ba zan ce za ta koma kamar ta hagu ba, wannan Allah ne Ya sani. Amma za ka taka ta."

Ya miƙo mini wuƙar ta wajen ƙota, ya ce in kai wa mata namansu kada a ce tsoho ya cinye ragon jikarsa ɗanye.

Sharaɗi ɗaya na kafa, kuma na kafa shi ne ta bakin Inna, don ita ta san lokacin da ake gaya masa magana. Kafin ya ɗora nauyi a ƙafar sai an yi hoto an tabbatar da ƙashin. Bayan sati muka ɗauke shi a mota ni da Yaya zuwa wani asibiti a Kano. Hoton ya nuna ƙashin ya haɗe sarai, da ɗan karkata kaɗan da likitan ya ce ba za ta hana komai ba. Aka tura mu wajen masu gashin ƙashi. Wata matashiya muka samu, mai haƙuri, ta durƙusa ta gaishe shi kamar mahaifinta kafin ta taɓa shi. Ita ta gano abin da ni ban lura da shi ba: idon sawun ya sandare, agarar dunduniya ta ɗaure saboda daɗewa a wuri ɗaya, ko da ƙarfi ya dawo ba zai taka daidai ba sai an saki wannan. Ta koya masa abubuwa kaɗan. Ya miƙe ƙafa a tabarma ya danna bayan gwiwa ƙasa har cinya ta ɗaure, ya riƙe, ya saki. Ya rataya ƙyalle a tafin ƙafa ya jawo yatsun wajensa. Ya ɗaga ƙafar a miƙe. Bayan kwanaki ya tsaya dafe da bango, daga baya ya riƙa ɗagawa a kan yatsu. Ta ce zafin gajiya ba komai, amma zafi mai suka a kan ƙashi a dakata.

Inna ce ta zama mai tsaro. Bayan sallar asuba da bayan la'asar sai ta ajiye abin da take yi ta zo ta zauna a bakin ƙofa da tsohon rawaninsa, wanda ya zama ƙyallen jan ƙafa. Shekara arba'in ba ta taɓa ba shi umarni ba, sai ga shi tana cewa, "Malam, saura uku." Ni kuma duk Juma'a idan na zo sai in zagaya sharaɓar da zaren ɗinki, in ƙulla inda ya haɗu. Sati biyun farko ƙullin bai gusa ba. Na gaya masa tun kafin ya tambaya cewa ƙarfi yana riga kauri zuwa, kuma ya ga alama, don ya fara tsayuwa ba a riƙe shi ba. A sati na huɗu zaren bai kai tsohon ƙullin ba. Na nuna masa ratar, ba ta fi faɗin ƙwayar gero biyu ba. Ya karɓi zaren ya duba a hasken ƙofa, ya sa a aljihu.

Daɗin wannan ne ya ja shi ya yi ganganci. Wata Laraba, Inna ta shiga maƙwabta, ya ɗauki sanda ya nufi masallacin unguwa shi kaɗai. Ya je, amma dawowa sai da aka riƙo shi. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ya kwana biyu bai tashi daga shimfiɗa ba. Da na zo ya ƙi kallona. Ya ce wa Inna a gaya wa malamar makaranta ta mayar da shi abin gwaji. Na duba ƙafar, na danna kan ƙashin bai yi zafi ba, babu zazzaɓi, kumburin kuma ya fara sauka. Na kira matashiyar nan ta asibiti na gaya mata, ta ce a ɗaga ƙafar a kan matashi, a huta kwana biyu, a koma inda aka tsaya, idan kumburin ya ƙaru ko ya yi zafi a kawo shi. Na shiga na faɗa masa haka, na ƙara da cewa shi da bakinsa ya ce yau kaɗan gobe a ƙara, ban ji ya ce a gama gona rana ɗaya ba. Da la'asar na ji yana tambayar Inna ina rawanin.

A makaranta na yi darasin kamar yadda na ce zan yi. Na sayi cinyar akuya ranar kasuwar Ajingi, na bi tantanin da yatsa yadda na ga ya yi, ko da yake sau biyu na ɓata hanya na koma ga wuƙa. Yaran suka kewaye tebur suna ture juna, har masu toshe hanci suka matso. Da na ba Baba labari, abin da ya tambaya kawai shi ne ko na wasa wuƙar kafin in fara.

Ya fara zuwa masallacin unguwa da sanda wajen tsakiyar rani, ya koma sallah a tsaye, sai dai wajen zaman tahiya yakan ɗan miƙe ƙafar gefe, har yau haka yake yi. Sharaɓar dama ba ta taɓa cika kamar ta hagu ba, kuma idan ya gaji yana ɗan ɗingishi. Hawa saman amalanke kuwa Yaya ya hana, shi ma bai yi gardama ba.

Ruwan shuka ya sauka wata Alhamis. Na iso gida Juma'a da yamma, Asabar da safe na fito gaishe shi na tarar ɗakin ba kowa. Inna ta ce ai tun da gari ya waye suka fita. Na sa hijabi na bi hanyar gonar gero, ƙasa tana ƙamshi, takalmina yana nutsewa. Daga nesa na hango su: Yaya a can gaba, Baba a nasa layin da sungumi, yana sara yana takawa, yana sara yana takawa, a hankali amma layin a miƙe. Na tsaya a bakin gona na gaishe shi. Ya amsa bai tsaya ba, ya nuna mini ƙwaryar iri da ke ajiye a gindin kuka, ya ce tunda na zo in biyo bayansa, kada ramukan su bushe. Na cire takalmi na ɗauki ƙwaryar. Sai da rana ta take muka koma gida.